Ƙananan Halittu Masu Wanke Ruwan Ƙazanta

Duk wanda ya taɓa taka dutse a cikin rafi ya san yadda yake da santsi. Wannan yauƙin da ke lulluɓe dutsen abu ne mai rai. Taron ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya. Sukan manne a jikin abu mai tauri, su fitar da wani yauƙi su lulluɓe kansu, su yi ta hayayyafa a ciki. Abincinsu shi ne dattin da ruwa ya ɗauko.

Da yawanmu in muka ji an ce bakteriya sai mu tuna da cuta. Gaskiya ne, wasunsu suna kawo kwalara da taifot. Amma mafi yawansu ba ruwansu da jikin mutum, kuma wasu daga cikinsu su ne ma'aikatan da manyan biranen duniya suka dogara da su wajen tsabtace ruwan kwata da na masai kafin a sake shi cikin kogi.

Ga yadda aikin yake. Ruwan da ya fito daga gidaje yana ɗauke da bayan gida, da fitsari, da ragowar abinci, da kumfar sabulu. Idan ya bi ta kan yauƙin nan, bakteriya sai su cinye dattin, su mai da shi iska da ruwa da sababbin 'ya'yansu. Akwai kuma wani jinsi mai jinkirin girma da ke sarrafa amoniya, sinadarin nan mai zarni da ke fitowa daga fitsari, wanda yake kashe kifi. Waɗannan halittu suna bukatar abu uku: abinci, da iskar shaƙa, da wurin zama. Abinci dai yana cikin ruwan. Iska da mazauni kuwa mutum ne zai tanadar musu.

Tun a shekarun 1890 injiniyoyi a Ingila suka fara tara tsakuwa da duwatsu a cikin babban wuri, suna yayyafa ruwan ƙazanta daga sama. Ruwan ya riƙa tsiyaya ta tsakanin duwatsun, iska na shiga ta ƙasa, yauƙi ya tsiro ya kama aiki. Har yau ana amfani da wannan dabara. Sai dai dutse yana da nauyi, yana cin fili, kuma in yauƙi ya yi kauri yakan toshe hanyar ruwa.

A ƙarshen shekarun 1980, wani farfesa mai suna Hallvard Odegaard, na jami'ar da ke birnin Trondheim a ƙasar Norwe, ya zo da wata dabara. Ƙasarsu akwai tsananin sanyi, sanyi kuwa yana rage wa bakteriya kuzari, don haka ana son a tara su da yawa a ƙaramin wuri. Maimakon dutse mai zama wuri ɗaya, sai aka ƙera ƙananan robobi aka zuba su cikin tanki, suna yawo tare da ruwan. Samfurin farko da ya yi suna shi ne K1. Ɗan guntun bututu ne, faɗinsa kusan santimita 1, a cikinsa akwai 'yan katangu biyu da suka gitta juna, a bayansa kuma akwai ƙananan haƙora.

A nan hikimar take. Waɗannan lunguna na ciki su ne ɗakunan bakteriya. In robobi suka yi karo da juna, yauƙin waje yana gogewa, na ciki kuwa yana nan lafiya. Idan aka cika mazubi mai cin lita 1,000 da irin wannan roba, aka haɗa faɗin duk lungunan, za a sami murabba'in mita 500, wato ya ɗan fi fulotin gida mai ƙafa 50 da 100. An kuma yi robar da nauyin da ya ɗan gaza na ruwa kaɗan, saboda haka ba ta nutsewa ƙasa ta kwanta, kuma iska kaɗan ta isa ta juya ta.

A ƙasan tankin akwai bututai masu huji, inji yana hura iska ta cikinsu dare da rana. Kumfar da ke tasowa tana ba bakteriya numfashi, tana kuma jujjuya robobin. Ba a cika tanki da su maƙil. Ba a so su wuce kashi biyu cikin uku, don su sami wurin motsi. A bakin mafita ana sa raga ta tare su. Yauƙin da ya tsufa yakan ɓantare da kansa ya bi ruwa zuwa wani tankin, inda zai kwanta ya zama laka a kwashe.

Abin da masu saye kan manta shi ne robar ba ta wanke komai. Gida ce kawai. Sabuwar roba sai ta yi makonni a cikin ruwa kafin yauƙi ya kama ta sosai. Masu kiwon tarwaɗa a tanki, waɗanda suke tace ruwansu su sake mai da shi, sun san wannan. Wani zai ga robarsa ta yi ruwan ƙasa-ƙasa, sai ya ce ta yi datti, ya wanke ta da omo ko bilic. To ya kashe ma'aikatansa ke nan, bayan 'yan kwanaki amoniya ta taru, kifi su fara mutuwa. In ya zama dole a ɗauraye, da ruwan tankin ake yi, a hankali.

Haka nan guba tana hallaka su. Ruwan masana'antun jima, irin na Challawa da Sharaɗa a Kano, yana ɗauke da sinadarin kuromiyam da wasu magunguna masu ƙarfi. Dole a fara cire su tukuna kafin ruwan ya isa wurin bakteriya. Baƙin mai da maganin ƙwari ma ba a zuba su a kwata.

Sai maganar wuta. Injin iska in ya tsaya na tsawon lokaci, halittun sukan galabaita, tanki ya fara wari. A ganina, garin da ba shi da tabbatacciyar wutar lantarki amma yana da fili, gara ya yi tafkunan tace ruwa ko tsohuwar dabarar tsakuwa, da ya sayi injin da ba zai iya ciyar da shi ba. Robar ta fi dacewa da asibiti, da otal, da masana'anta, inda fili ya yi ƙaranci.

Mai karatu, ka riƙe wannan da kyau: ruwan da ya fito daga irin wannan tanki yana iya yin garau, amma bai zama na sha ba. Akwai sauran ƙwayoyin cuta a cikinsa, sai an ƙara kashe su da kulorin ko wata hanya. Kada ka sha, kada ka yi girki da shi, kada kuma ka bar yara su yi wasa a mafitarsa.