Darasin Lafiya: Yaro da Maganin Tsai da Amai

Da damina ta kankama, amai da gudawa kan yawaita ga yaranmu a Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi. Nan da nan sai mu ruga kemis, a ba mu maganin tsai da amai.

'Yar uwa, ƙarewar ruwan jiki ita ke kashe yaro. Phenergan na sa shi barci ya kasa sha, kuma haɗari ne ga ɗan ƙasa da shekara 2. Plasil kan murɗe wuya, idanu su kakkafe, har a ce iska ce. Ondansetron kuwa, sai likita ya rubuta.

Ga abin yi: ki zuba ƙunshin ORS ɗaya cikin lita 1 na tafasasshen ruwa da ya huce, ki riƙa ba shi cokali-cokali. In ya amayar, jira minti 10 ki ci gaba. Kar ki daina ba shi nono. Ki haɗa da zinc, kwana 10 zuwa 14.

In idanu sun faɗa, fitsari ya ɗauke, ko zawo ya zama kamar ruwan shinkafa, maza asibiti.

'Ya'ya amana ne. Allah Ya raya mana su, amin.