DARASI: KUNYAR DA KE JEFA ƊAN KASUWA CIKIN HALAKA

'Yan'uwa matasa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi masu zuwa fatauci birnin Guangzhou na ƙasar Sin, daga Nima, Kumasi ko Kantin Kwari, waɗanda ke sauka a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli.

Mun sani da zarar an ji mutum zai yi tafiya, sai sautu ya yi ta zuwa. Gwaggo tana son leshi, aboki yana son waya, kuɗi kuma "sai ka dawo". Shi kuwa don kada a ce ya yi girman kai, sai ya amsa wa kowa. A ƙarshe uwar kuɗinsa ta narke cikin bashin da ba ya iya tambaya.

Kunya tana daga imani, babu shakka. Amma mu duba aya ta 53 cikin Suratul Ahzab. A walimar auren Nana Zainab bint Jahsh, waɗansu baƙi suka zauna suna ta hira bayan cin abinci, abin yana damun Manzon Allah (SAW), yana jin nauyin sallamarsu. Sai Allah Ya saukar da aya Ya sanya wa baƙi iyaka. Ashe ke nan sanya iyaka ba rashin kirki ba ne. Haka kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, umurni take yi da rubuta bashi, ba ta ware ɗan'uwa ba.

Mafi haɗari shi ne ƙullin da ake miƙa wa matafiyi a filin jirgi. A dokar Sin, safarar giram 50 na hodar heroin tana jawo ɗaurin shekara 15, ko rai-da-rai, ko kisa, kuma "aikena aka yi" da wuya ta fid da mutum. Haka wanda ya wuce wa'adin bizarsa don jiran kayan wani: dokar da ta fara aiki a 2013 ta tanadi tarar yuan 500 kowace rana, har zuwa 10,000, ko tsarewa.

To, yaya za mu ƙi ba tare da yanke zumunci ba? Mu faɗa tun a gida, kada mu ce "insha Allahu" alhali mun ƙudurta ba za mu yi ba. Wannan wasa ne da sunan Allah. Mu ce: "Gwaggo, ki yi haƙuri, wannan karon ba zan iya ba." Sautun da muka karɓa, a biya kuɗinsa tukuna, a rubuta. Ƙulli kuwa, ko na malaminmu ne, a kwance shi a gabanmu.