Allon kwamfuta mai araha da kuɗin wuta

Wani mai shagon buga takardu a Unguwar Rogo, Jos, yana tambaya: babban allon kwamfuta (motherboard) mai araha ya fi shan wuta ne?

To Malam, a'a. Shi allon ba ya ci sosai, furosesa da katin hoto ne ke zuƙe wuta. Tun da hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 kan kowace yunit a Afrilun 2024, dole mutum ya yi lissafi. Don aikin shagonka, allo mai Intel N100 ya wadatar: furosesarsa wat 6 ce, sola ma za ta ɗauke shi. Amma fa a manne take, ba a canza ta. Ka riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu daga fankar kwamfutar.