BA KOWANE JINI A BAYAN GIDA NE BASUR BA

A Maiduguri da sauran garuruwan ƙasar nan, idan mutum ya ga jini a bayan gida, ko ya ji wani tsiro a bakin dubura, abin da yakan fara zuwa zuciyarsa shi ne basur. Sau da yawa kuwa haka ɗin ne. Amma akwai wata irin sankara da take ɓuya a cikin kamannin basur, wadda likitoci ke kira melanoma ta dubura. Ba ta da yawa, amma tana da saurin yaɗuwa, don haka ya kamata jama'a su san yadda ake gane ta.

Mece ce wannan cuta?

A fatar ɗan Adam akwai wasu ƙwayoyin halitta masu samar da launi. Idan suka lalace suka shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, sai su zama melanoma. A wurin Turawa ta fi fitowa a fatar da rana ke duka. A wurin baƙar fata kuwa an fi ganinta a tafin ƙafa. Akwai kuma irin waɗannan ƙwayoyi a cikin mazurarin dubura, wanda tsawonsa bai wuce santimita 4 ba, kuma wadda ke tasowa a can ba ruwanta da zafin rana. Wani likita mai suna Moore ne ya fara ba da labarinta a mujallar Lancet ta Ingila a shekarar 1857. Ta fi kama waɗanda suka haura shekara 60, kuma mata sun ɗan fi maza kamuwa da ita.

Alamunta

Na farko, zubar jini daga dubura. Na biyu, ƙari ko tsiro mai ƙara girma. Na uku, zafi ko ƙaiƙayi a wurin. Na huɗu, mutum ya riƙa jin bayan gida bai ƙare ba bayan ya gama. Wani lokaci kaluluwa kan fito a matsematsi, jiki kuma ya rame. Ƙarin yakan yi baƙi ko ruwan ƙasa, amma da yawa daga cikinsu ba su da wani launi na daban. Wannan shi ne dalilin da ya sa ido kaɗai ba ya iya raba ta da basur.

Yadda ake gane ta

Da farko likita zai sa safar hannu ya taɓa wurin da yatsa. Sa'an nan ya leƙa ciki da wani ɗan bututu mai fitila. Idan ya ga abin da bai gamsu da shi ba, sai ya gutsuro ɗan nama kaɗan ya aika ɗakin bincike. A can ne masana za su yanka naman siriri, su rina shi, su duba ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu. Idan ƙarin ba shi da launi, akan yi amfani da rini na musamman, kamar S-100 da HMB-45, don a tabbatar. Bayan haka sai a ɗauki hoton ciki da ƙirji, domin cutar ta fi son zarcewa zuwa hanta da huhu.

Abin lura a nan shi ne, duk naman da aka yanke da sunan basur, wajibi ne a kai shi ɗakin bincike. An sha gano wannan sankara ta wannan hanya. Idan wanzami ya yanke ya yar, ko aka ƙona da magani a gida, shaida ta tafi, cutar kuwa tana nan tana cin jiki.

Magani

Babban maganinta shi ne fiɗa. Idan ƙarin ƙarami ne, akan yanke shi tare da naman da ke kewaye, mutum ya ci gaba da bayan gida kamar kullum. Idan ya yi nisa, ta yiwu a cire duburar duka, a buɗe wata kafa a gefen ciki inda bayan gida zai riƙa fita cikin jaka. Daga cikin mutum 5 da aka gano suna da ita, da ƙyar 1 ke kai shekara 5 a raye, kuma zuwa asibiti a makare yana daga cikin manyan dalilan haka.

Ina za a je?

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wanda aka buɗe a shekarar 1983, yana da likitocin fiɗa da sashen binciken nama. Yana karɓar marasa lafiya daga Borno da Yobe da maƙwabtansu, har da Chadi da Nijar da Kamaru. Wanda ke ƙauye sai ya fara da asibiti mafi kusa, ya nemi takardar turawa.

Kunya ce ke hana mutane da yawa, musamman dattawa da mata, bayyana irin wannan lalura. Mace tana da damar neman a sa ma'aikaciyar jinya ta tsaya tare da ita lokacin dubawa. Duk wanda ya ga jini yana maimaituwa, ko maganin basur ya ƙi yi masa aiki, ko tsiro yana girma, to, kada ya jira. 'Ya'ya kuma su taimaka wajen kai iyayensu asibiti da wuri. Allah ya sawwaƙe, amin.