Amsar Tambaya: Tsayin Alwatika Mai Kusurwar Digiri 90

Tambaya: Malam, yaya zan gano tsawon layin da ya sauko a miƙe daga kusurwar digiri 90 zuwa kan dogon gefe?

Amsa: 'Yata, ki bi ta faɗin fili, ya fi haddar dabara amfani. A ce gajerun gefunan 15 da 20 ne. Ƙa'idar Faitagoras za ta ba ki dogon gefe, 25. Faɗin filin rabin 15 sau 20 ne, wato 150. Shi ne kuma rabin 25 sau tsayin da kike nema. Ke nan ki ninka 150 sau biyu, wato 300, ki raba shi da 25, ki samu 12.

Don ki tabbatar, layin ya yanka dogon gefen gida biyu, 9 da 16. Ki ninka su, 144 ne, daidai da 12 sau 12.