Kuɗin Kamfanoni a Zaɓen Amurka

Ka sani dokar Amurka ta hana kamfani ya ɗebi kuɗi daga asusunsa ya damƙa wa mai neman kujerar tarayya. Hanin ya tsufa. A 1907 aka kafa shi, zamanin Shugaba Theodore Roosevelt, bayan jama'a sun ga yadda Mark Hanna ya bi bankuna da manyan kamfanoni yana tara wa William McKinley kuɗin zaɓen 1896. To, ta ina kuɗin ke shiga yau har ake ta kuka da su?

Ta ƙofar da Kotun Ƙoli ta buɗe ranar 21 ga Janairu, 2010. Wata ƙungiya mai suna Citizens United ce ta shirya fim na sukar Hillary Clinton, doka ta hana a watsa shi a talabijin dab da zaɓe, ita kuwa ta kai ƙara. Alƙalai 5 cikin 9 suka ce kashe kuɗi don bayyana ra'ayi yana cikin 'yancin faɗar albarkacin baki, kamfani ma yana da wannan 'yanci, muddin bai haɗa baki da ɗan takara ba. Daga nan aka sami asusun da suke kira Super PAC, wanda ke karɓar ko nawa ne daga ko wane attajiri ko kamfani, ya zuba a tallace-tallacen yabon wannan da ɓata wancan. Wai ba a haɗa baki! Alhali sau da yawa tsohon yaron ɗan takarar ne ke riƙe da asusun.

Kada ka ɗauka kuɗi kullum ke cin zaɓe. Hillary ta fi Donald Trump kashewa a 2016, ta faɗi. Abin da kuɗin ke saye shi ne kunnen wanda ya ci. A zaɓen 2024 kamfanonin kirifto irin su Coinbase da Ripple sun cika wani asusun Super PAC mai suna Fairshake, aka kashe fiye da dala miliyan 100 a kan kujerun majalisa, ana taimakon 'yan manyan jam'iyyun ƙasar biyu. Ba jam'iyya ce ta dame su ba, dokar da za a yi wa sana'arsu ce. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Masu neman gyara sun kasu. Wasu na so a gyara tsarin mulki a soke hukuncin Kotun Ƙolin, amma wannan sai da kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu da amincewar jihohi 38 cikin 50. An gwada a Majalisar Dattawa a 2014, abin bai wuce ba. Wasu suka ce aƙalla a tilasta bayyana sunan mai ba da kuɗi, domin akwai ƙungiyoyin da ke ɓoye masu ɗaukar nauyinsu. Ƙudurin wannan ma ya maƙale a 2010.

A ganina birane sun fi tarayya dabara. New York tana ƙara wa ɗan takara dala 8 a kan kowace dala 1 ta ƙaramar gudummawar mazaunin birni, don ya ga ribar bin gidajen talakawa. Seattle kuwa tun 2017 take aika wa masu zaɓe takardu 4, kowace ta dala 25, mutum ya miƙa wa ɗan takarar da ya ga dama.