Ginin da ba ya buƙatar magini

A aji an koya mana cewa DNA ma'ajiyar bayanan gado ce, shi ke nan. To akwai masanan da suka mayar da shi kayan gini.

Sirrin yana cikin ƙa'idar nan da muka haddace don jarrabawa: A ba ta kama kowa sai T, G kuma sai C. Zare biyu in harufansu suka dace sai su manne, in ba su dace ba kowa ya kama gabansa. Nadrian Seeman, masani ɗan Amurka, ya lura cewa in kai ka tsara harufan, ai kai ka zaɓi wa zai kama wa. A 1982 ya wallafa wannan tunani.

Aikin da ya fi burge ni shi ne na Paul Rothemund na Caltech a 2006. Ya ɗauki dogon zare ɗaya daga ƙwayar bairos mai suna M13, mai harufa sama da 7,000, ya haɗa shi da gajerun zaruruwa fiye da 200 da ya tsara a kwamfuta. Kowane gajere yana kama dogon a wurare biyu ko uku masu nisa da juna, ya jawo su su haɗu, kamar yadda tela ke kafe yadi da fil. Ana zuba su duka cikin ruwa mai gishirin maganiziyam, a ɗumama har kusa da tafasa, sannan a bari ya huce sannu a hankali. Hucewar nan fa ba wasa ba ce: ita ke ba zaren da ya kama ba daidai ba damar saki ya nemi gurbinsa. Maganiziyam kuwa yana rage turejeniya, tunda duk zaruruwan cajinsu iri ɗaya ne.

Babu hannun da ya taɓa komai, amma sai ga taurari da fuskoki masu murmushi, faɗin kowace kusan nanomita 100. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Ana kiran dabarar origami, daga fasahar naɗe takarda ta Japan.

Kada dai mu yi zumuɗi. A 2018 an gwada irin wannan naɗi a jikin ɓeraye, ya kai sinadarin daskarar da jini ga jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin kansa. Amma jini yana da sinadaran da ke yayyanka DNA, maganiziyam ɗinsa kuma bai kai na ɗakin gwaji ba, don haka ginin kan warware. Su ma gajerun zaruruwan akwai tsada.